Sawun Linzami a Kan Fenti

"Ba zan faɗa ba, Kawu."

Alhaji Sanda ya ɗago kai daga carbinsa ya dube ni kamar kujerar falon ce ta yi magana. Wan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya tsaya mini har na gama karatun kwamfuta, kuma a cibiyar kwamfutarsa ta Birnin Kudu nake aiki. Ban taɓa ce masa a'a ba sai ranar.

"Abin da wuya ne? Ki je gaban Mai Unguwa ki ce Ismail ya sa wa kwamfutocin bairos. Ke ce mai takardar shaida, da ke za a yarda."

"Ban ga bairos ba."

"To me kika gani?"

"Ban ga komai ba tukuna. Shi ya sa ba zan ce komai ba."

"Khuzaima, mutanen Gwaram suna so a nuna musu mai laifi. In ba a ba su Ismail ba, ni za su ci."

Na ce masa ya ba ni mukullin cibiyar. Ya daɗe yana jujjuya shi a hannu, sannan ya wurgo mini shi a kan tabarma, bai miƙo ba.

Ga abin da ya faru. Ƙungiyar 'yan yankinmu mazauna Kano ta shirya jarrabawar ba da tallafin karatu ga yaran Birnin Kudu da na Gwaram, aka zaɓi cibiyar Kawu. Ni ba na gari a makon. Yayata ta haihu a Kiyako, na tafi taya ta hidima. Aka bar Ismail, mai kula da ɗakin, magidanci mai 'ya'ya uku wanda ya riga ni fara aiki a wurin.

Daga Gwaram wata makarantar Islamiyya ta turo 'yan matanta a bas. Da aka fara, kwamfutocinsu suka riƙa yin nauyi. Yarinya ta amsa tambaya, ta danna ta gaba, sai allon ya tsaya cak. Wani lokaci ya motsa nan take, wani lokaci sai ta gaji da jira. Agogon jarrabawar kuwa yana kan babbar kwamfutar da ke gaban ɗaki, bai jira kowa ba. Lokaci ya cika, yawancinsu ko rabi ba su kai ba. Samarin Birnin Kudu duk sun gama har suna miƙa.

A cikin 'yan Gwaram mutum ɗaya ce ta kammala: Lailatu, ƙanwar matar Ismail.

Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Kafin la'asar iyaye sun cika ƙofar cibiyar. Da kyar aka fitar da Ismail ta baya zuwa zauren Mai Unguwa, wanda ya ce zai riƙe shi zuwa ranar Juma'a. In masu sani sun tabbatar an yi zagon ƙasa, zai miƙa shi ga hukuma. A garin nan kuwa masu sanin ni ce.

*

Na fara da kwamfutocin. Tun ranar rikicin ɗakin yake kulle, yana warin sabon fentin da Kawu ya sa aka shafa wa teburan don manyan baƙi. Na kunna layin da 'yan Gwaram suka zauna, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na nemi bairos, babu. Na duba ko an ƙara wani abu ko an goge, babu. Na buɗe jarrabawar na yi ta dannawa, tambayoyi suna ta zuwa kamar ana tura su. Na cire wayoyi na mayar, na musanya wannan da waccan. Duk wadda na ɗora wa hannu sai ta yi lafiya lau, kamar yaron da aka kai gaban likita ciwon ya gudu.

Na wuni a haka. Da yamma na fita ba ni da komai sai ciwon wuya. Masu shayin bakin titi suka bi ni da kallo.

"Injiniya, an kama ɓarawon?" in ji ɗaya.

"Ai ɓarawon yana zaure yana cin tuwon Mai Unguwa," wani ya amsa.

Girman kaina ya ishe ni rakiya har gida.

*

Washegari na je zauren. Ismail yana zaune a kan buzu, rigarsa ta ranar jarrabawa ce har yanzu a jikinsa, aljihun a yage. Matarsa Rahmatu ta kawo masa koko, ya huce bai taɓa ba.

"An ce an gan ka da filash da safen ranar," na ce.

"An gan ni. Karatun Alƙur'ani ne a ciki, shi nake sawa ina shara. Ga shi, ki duba."

Na karɓa. Daga baya na duba, karatun ne kuwa.

"Wa ya zaunar da yara?"

"Malamarsu ce ta ce 'yan matanta ba za su cakuɗa da maza ba. Ita ta zaɓi layin jikin taga. Ni ina na san inda za su zauna balle in shirya musu wani abu?"

"Da suka ɗaga hannu, me ka yi?"

"Na je mana. Wallahi, Injiniya, ina isa in taɓa linzamin kwamfutar sai tambayar ta fito. In juya baya, wata ta ɗaga hannu. In je, in taɓa, ta fito. Shi ne ma suke cewa ai ga shi nan, kwamfutocin hannuna suka sani, ni na ɗaure su ni nake kwancewa."

Rahmatu ta ce, "Har cewa ake yi asiri aka haɗa masa a Bauchi. Mutumin da ko layar yara ba ya yarda a rataya."

"Akwai abin da ka lura ya sauya a makon da ba na nan?"

"Sai dai wuta. Kin san batiran solar nan ba sa kai mu azahar in duk kwamfutoci suna kunne. Ranar har aka tashi ba su yi ko tari ba. Na ce ikon Allah."

Da zan fita Rahmatu ta biyo ni soro. Ba ta roƙe ni ba. Cewa kawai ta yi, "An ce wa babban yarona a makaranta ɗan ɓarawon jarrabawa. Yau ya ƙi zuwa."

*

Na tarar da Ɗanbala mai sola a shagonsa na bakin kasuwa, yana lallaɓa wata tsohuwar inbata, na'urar juya wutar batir. Shi ya haɗa mana wutar cibiyar. Zargina ya koma kan wuta: wataƙila tana raguwa ne a layin jikin taga.

"Wuta? Hajiya ƙarama, kada ki ɓata mini suna. Ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba."

"Shi ne abin da ya ba ni mamaki. Ka sauya batira?"

"Alhajinku zai sayi sabon batir? Ashe ba ki san kawunki ba."

"To me ka yi?"

"Na share faifan rana. Na ɗaure wayoyi." Ya mayar da ido kan inbatarsa. "Aikinmu ne dai."

Na koma na auna wutar kowane layi. Daidai suke. Wannan hanya ma ta mutu. Sai dai na riƙe abu ɗaya a raina: Ɗanbala mutum ne da in ya yi abin kirki sai duk kasuwa ta ji, amma yau ya yi abin al'ajabi da matattun batira yana ɓoye fuska.

Da na biya gidan Inna, mahaifiyata, ta tare ni tun kafin in ajiye jaka. Kawu ya riga ya yi mata waya.

"Mutumin da ya yi miki komai za ki kunyata saboda bare?"

"Inna, ba na neman kunyata kowa. Cewa ya yi in rantse a kan abin da ban gani ba."

"Taurin kan babanki kika ɗauko."

Da ta san daɗin da maganar ta yi mini, da ba ta faɗa ba. Babana, Barau na Kiyako, mai bin sawu ne. In an kore shanun wani ko an fasa rumbu, shi ake aikawa a kira. Ina ƙarama nakan bi shi da gorar ruwa. Sau da yawa masu dukiya sun riga sun yanke wanda suke zargi, shi kuma ya bi sawu ya kai su wata ƙofa daban, a dawo ana jin haushinsa. Bai taɓa sauya inda ƙafa ta bi don wani ya ji daɗi ba.

*

Na hau motar Gwaram da safe. Damina ta zauna sosai, gero ya rufe gefen hanya, direba yana kauce wa ramuka yana zagin gwamnati. Har na sauka fasinjoji ba su da zance sai na jarrabawar. Wata tsohuwa ta ce ita tun tana budurwa ta san 'yan Birnin Kudu ba sa son a wuce su. Na ja mayafina na rufe fuska.

Malama Ummussalma ta karɓe ni a tsakar makarantarsu. Doguwar mace ce mai magana a hankali, irin wadda in ta shigo aji ko ƙuda ba ya motsi. Ta san ko ni wace ce, ba ta ɓoye ba.

"'Yar gidan Alhaji Sanda. Kin zo wanke kawunki ne ko wanke ma'aikacinsa?"

"Na zo in ji abin da yaranki suka gani, Malama."

Ta tara su a aji. Suka zauna a jere, hijabai fari tas, kowacce ta ɗora hannayenta a kan cinya. Na yi tambayoyi, suka ba ni amsa iri ɗaya: mun danna, ta tsaya, mun jira.

"Kun taɓa amfani da kwamfuta kafin ranar?"

Malama ce ta amsa. "Kwamfuta ɗaya gare mu, a ofishina. Na koya musu a kanta ɗaya bayan ɗaya. Ba su je can da jahilci ba."

Na nemi a bar ni da Lailatu. Yarinyar ta rame. Tun ranar ƙawayenta ba sa yi mata magana, har an ce mijin yayarta ya ba ta amsoshi. Ta zauna a gabana tana murza gefen hijabinta, ta saki, ta ɗauki birona da ke kan benci tana juya shi, ta ajiye, ta koma kan zobenta.

"Taki ba ta tsaya ba ko sau ɗaya?"

"Ba ta tsaya ba, Anti. Wallahi Yaya Ismail ko kallona bai yi ba."

"Me kika yi da sauran ba su yi ba?"

"Ba komai." Ta leƙa ƙofa. Idonta ya ciko. "Don Allah kada ki gaya wa Malama."

"Ina jin ki."

"Ta ce mana kayan mutane ne, masu tsada. In mun danna amsa mu ɗauke hannu mu ajiye a cinya, kada a ce 'yan Gwaram ba su da tarbiyya ko sun lalata wani abu. Ni kuma in ina tsoro hannuna ba ya zama. Na yi ta wasa da linzamin har aka gama. Na saɓa mata."

Na dubi hannunta. Ya koma kan birona.

Wani abu ya motsa a kaina, amma maganar yarinya ɗaya da kowa ke zargi ba za ta fitar da mutum daga zaure ba. Ina bukatar abin da ido zai gani.

*

Babana ba ya duba sawu da tsakar rana. Yakan ce hasken sama yana shafe komai, sai ya jira rana tana ƙasa-ƙasa, ya durƙusa ya kwantar da kunci kusa da ƙasa. Don haka washegari ina idar da sallar asuba na nufi cibiyar. Ban kunna fitila ba. Na buɗe tagogin gabas, na jira rana ta leƙo, na durƙusa har idona ya yi daidai da saman teburan.

Fentin da Kawu ya sa aka shafa ana gobe jarrabawa bai gama bushewa ba lokacin da yara suka zauna. Ya riƙe komai.

A teburan samarin Birnin Kudu, gefen dama duk a goge yake. Zagaye a kan zagaye, ja da baya, kamar inda akuya ta kwana a ɗaure. Yaran gidan wasan kwamfuta ne, hannunsu bai san hutu ba. A layin jikin taga kuwa fentin yana sheƙi kamar ba a zauna ba. Sai ɗan gajeren layi a kowane tebur, daga inda amsa take zuwa inda ake danna ta gaba. Tebur ɗaya ne kawai a layin ya sha guga, na ƙarshe, kujerar Lailatu.

Na tashi na kunna kwamfuta, ba ta layin taga ba, ta tsakiyar layin samari. Na buɗe jarrabawar, na danna ta gaba, sannan na yi abin da ban yi ba duk kwanakin nan. Na ɗauke hannuna na ɗora a cinya.

Allon ya tsaya.

Ɗan agogon da ke kusurwa ma ya tsaya. Na zauna ina kallonsa, ina jin ladan ɗin kasuwa yana gwada lasifika, wani mai kura yana wucewa da jarkoki. Da na gaji na sa ɗan yatsa na ture linzamin kaɗan. Tambayar ta faɗo, agogon ya yi tsalle ya kamo lokaci.

Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin har hawaye ya zubo mini. Kwana da kwanaki ina neman ciwo, ashe hannuna ne maganin, shi ya sa ba na ganinsa.

Sauran aikin na makaranta ne. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan agogo da aikinsa shi ne ƙwanƙwasa wa ƙwaƙwalwarta ƙofa, sau ɗaruruwa kafin ka ƙifta ido, yana ce mata tashi ki duba ko akwai aiki. Na buɗe inda ake ƙidaya wannan ƙwanƙwasar. In hannuna yana motsi, lambar tana gudu. In na saki, sai ta yi ta ɗingishi har ta tsaya. Ƙwaƙwalwar tana yin barci mai nauyin da ɗan agogon ma yake kwantawa tare da ita, ba mai tashin wani, sai in wani abu daga waje ya taɓa ta: linzami, madannin rubutu, ko wani saƙo da ya shigo ta waya. Shi ya sa abin yake zuwa yana tafiya.

Tsofaffin kwamfutoci ne, na san suna da wannan lalurar, kuma tun da aka kawo su na rufe musu ƙofar wannan barcin a saitin ciki, wanda ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi. Na shiga na duba. An buɗe ta. Na duba ta kusa, an buɗe. Duk ɗakin an buɗe, har da waɗanda ba wanda ya zauna a kansu.

Wanda yake son cutar 'yan Gwaram ba zai bi duk ɗaki ba. Wannan aikin mai son rage shan wuta ne.

Na je wurin Kawu kafin in je ko'ina. Ya cancanci wannan daga gare ni. Ya saurare ni har na gama, fuskarsa ba ta nuna mamaki ba.

"Ki gyara su a asirce," ya ce. "Ki ce kin cire bairos ɗin. Ismail zai yi 'yan kwanaki, in sa baki a sake shi, in ba shi wani abu ya koma ƙauyensu. Kowa ya huta."

"Sunansa fa?"

"In kika buɗe baki, ƙungiyar nan ba za ta sake kawo mini aiki ba. Kuma ki sani, ba ni ba ke."

Na durƙusa na yi masa sallama yadda na saba, na fita da mukullin a hannuna.

*

Bayan sallar Juma'a na roƙi Mai Unguwa a yi zaman a cibiyar maimakon zaure. Ɗakin ya cika. Iyayen Gwaram a gefe guda da Malama Ummussalma da Lailatu, wakilin ƙungiyar Kano da babbar rigarsa, Ɗanbala a jikin ƙofa kamar mai shirin gudu, Ismail a tsakanin dogarai biyu na sa-kai. Kawu ya zauna a gaba yana jan carbi.

"Ranka ya daɗe," na ce wa Mai Unguwa, "ina so mutum biyu su yi jarrabawar nan a gaban kowa. Su zaɓi kwamfutar da suka ga dama."

Malam Yahuza, mahaifin ɗaya daga cikin 'yan matan, wanda ya fi kowa ɗaga murya ranar rikicin, ya ce shi zai zauna. Ya zaɓi ta layin samari da gangan. Mai Unguwa da kansa ya zauna a layin taga, yana cewa shi rabonsa da jarrabawa tun ta firamare, kuma ita ma bai ci ba. Aka yi 'yar dariya.

Na ce wa Mai Unguwa in ya danna ya ci gaba da juya linzamin kamar mai dama fura. Na ce wa Malam Yahuza in ya danna ya ajiye hannu a cinya.

Ta Mai Unguwa ta riƙa gudu. Ta Malam Yahuza ta tsaya.

"To ga shi nan," in ji Malam Yahuza. "Ta san ni ɗan Gwaram ne."

"Taɓa linzamin, Baba."

Ya taɓa. Tambayar ta fito. Ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa wuta. Na ce su musanya: Mai Unguwa ya naɗe hannu, Malam Yahuza ya dama fura. Nan take ciwon ya tashi daga wannan tebur ya koma wancan.

Sai na sa aka rufe ƙofa aka bar taga ɗaya, na haska fitilar wayata a kwance a kan teburan, na ce kowa ya sunkuya ya duba fentin. Dattawa suka riƙa bi layi-layi suna duƙawa. Ba wanda ya bukaci in fassara masa. Manoma ne, sun san bambancin inda aka taka da inda ba a taka ba.

Malama Ummussalma ta daɗe a kan teburin Lailatu. Da ta ɗago, muryarta ta sauya.

"Kenan ni na ja musu. Ni na ce su ɗauke hannu."

"A'a, Malama. Kwamfuta mai lafiya ba ta bukatar a yi ta jijjiga ta kamar jariri. Yaranki sun yi daidai. An taɓa saitin waɗannan ne aka sa su barcin da bai dace da su ba."

"Wa ya taɓa?" in ji Mai Unguwa.

"Ismail bai san hanyar shiga wurin ba, ranka ya daɗe, ban taɓa nuna masa ba. Amma batiran da ba sa kai azahar sun kai la'asar ranar. Wataƙila Ɗanbala zai gaya mana yadda aka yi."

Ɗanbala ya cire hula ya mayar. Ya dubi Kawu, Kawu ya dubi carbinsa.

"Ni fa na ce a sayi batira," in ji Ɗanbala. "Alhaji ya ce in nemo dabara. Na ga wani a waya yana nuna yadda ake sa kwamfuta ta rage shan wuta, na bi su duka na yi. Wallahi ban san zai taɓa yaran kowa ba. Da abin ya faru na je na same shi, ya ce in kama bakina."

Sai Malam Yahuza ya miƙe, ya taka har gaban Ismail, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, ni ne na yaga maka riga. Ka yafe mini."

Ismail ya zauna a ƙasa inda yake, ya rufe fuska da tafukansa. Daga waje na ji guɗar Rahmatu, wadda ta laɓe a jikin taga tun farkon zaman. Malama ta jawo Lailatu ta riƙe hannun nan nata marar zama, ba ta sake shi ba.

Kafin a watse na bi kwamfutocin na mayar da saitin yadda yake. Wakilin ƙungiya ya ce za a sake jarrabawar ga kowa da kowa. Mai Unguwa ya ce maganar Alhaji Sanda ta dattawa ce, za su zauna da shi. Da na fito, masu shayin nan suka matsa mini benci.

"Injiniya, a sa madara?"

Na sha. Rabona da jin ɗanɗanon wani abu tun ranar da na dawo daga Kiyako.

*

An sake jarrabawar a wata cibiya, ba ta Kawu ba. 'Yan matan Malama sun zauna da hannayensu a cinya, tambayoyi suna zuwa musu a kan lokaci, kuma da yawansu sun samu tallafin. Ɗan Ismail ya koma makaranta. Shi Ismail ɗin mutanen Gwaram ne suka ɗauke shi, yana kula da 'yan kwamfutocin da iyaye suka haɗu suka saya wa Islamiyyar.

Ni kuwa da yammacin Juma'ar nan Kawu ya aiko aka karɓi mukulli. Na rasa aikina. Na kwashe kayana daga gidan Kawu da na girma a ciki, na koma ɗakin Inna, ita ma ta yi wata guda tana amsa gaisuwata da ka. Yanzu ina gyaran waya da kwamfuta a kan tebur ɗaya a barandar wani shago a bakin tasha, rana ta dake ni, ruwa ya kore ni. Da sallah na je gaishe da Kawu, na durƙusa a ƙofar falonsa, aka fito aka ce mini yana barci, alhali ina jin ƙarar carbinsa.

Ina barci lafiya, wannan gaskiya ne. Amma mutumin da ya zame mini uba ya daina kiran sunana, kuma har yau bai kira ba.